Bashin karatu da digirin kimiyyar siyasa: a yi lissafi kafin a sa hannu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Iyayena, yayyena, ƙannena da 'ya'yana na wannan tafiya, shugabannin mata na ƙananan hukumomi, na mazaɓu da na akwatuna, ina gaishe ku, ina yi mana barka da wannan lokaci. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Wannan shi ne bayanin da na yi a zamanmu na wata. An rubuto shi ne saboda waɗanda ba su samu zuwa ba, da kuma waɗanda suka ce murya ba ta buɗe musu a waya saboda data. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri, in an sauke tukunya a zauna a karanta a tsanake.

Yau ba maganar kamfe zan yi ba, maganar 'ya'yanmu ce. A cikin watan nan kaɗai mata uku daga cikinmu suka same ni da tambaya iri ɗaya. Yarinya ko yaro ya samu gurbi a jami'a, an ba shi kimiyyar siyasa, kuɗin rajista ya fi ƙarfin gida, ga shi kuma an ce gwamnati tana ba da bashin karatu. A ci ko kada a ci? Ɗaya ma cewa ta yi da ni, "Shugaba, ai kuɗin gwamnati ne, wa zai zo ya tambaya?" Na yi dariya, amma wallahi abin ya tsaya mini a rai, domin ni ma maganar tana cikin ɗakina. 'Yata ta biyu aikin lauya ta nema, makinta na JAMB bai kai ba, aka miƙa mata kimiyyar siyasa. Ta zo tana murna tana cewa, "Mama, ai gado zan yi." Na ce mata to, ɗauko takarda da biro mu ga abin da za ki gada.

Kun san ni, iyakata sakandare da Islamiyya. Ban taɓa zama a ajin jami'a ba. Amma na riƙe adashi shekara da shekaru, na san kuɗin da ya shigo hannu da sunan aro ba naka ba ne. Don haka na bi abin, na tambayi waɗanda suka sani, na sa aka karanta mini, ga abin da na samo.

Mu fara da shi kansa bashin. Shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yunin 2023. Waccan dokar tana da sharuɗɗa masu tsauri, sai an kawo mutum biyu da za su tsaya wa yaro, kuma sai abin da gidansu ke samu a shekara bai kai Naira 500,000 ba. Aka sake dokar a watan Afrilun 2024, aka cire waɗannan sharuɗɗa, aka buɗe shafin nema a watan Mayun 2024. Hukumar da ke kula da shi ita ake kira NELFUND. Ɗaliban makarantun gwamnati ake ba wa, jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha, da kwalejin ilimi. Ana neman lambar JAMB, lambar NIN, lambar BVN da shaidar samun gurbi.

Bashin kashi biyu ne, ku riƙe wannan da kyau. Kashi na farko kuɗin makaranta, wanda ba ya biyowa ta hannun yaro, kai tsaye ake tura wa makarantar. Kashi na biyu kuɗin kashewa, Naira 20,000 a wata, shi kuma asusun yaro yake shiga. Ana iya neman na farko a bar na biyu. Babu kuɗin ruwa a kai, abin da ka ci shi za ka biya. Ba a fara neman biya sai an yi shekara biyu da gama bautar ƙasa. In yaro ya samu aiki, kashi 10 cikin 100 na albashinsa ake cirewa duk wata tun daga wajen aikin. In sana'ar kansa yake yi, kashi 10 na ribarsa zai riƙa kaiwa. In bai samu aiki ba, yana iya yin rantsuwa a rubuce a ɗaga masa. In ya rasu, dokar ta yi tanadin yafewa. Wanda kuma ya yi ƙarya don ya samu, akwai ɗauri a kansa.

Gaskiya a faɗe ta, wannan bashi ne mai sauƙi in aka kwatanta da na banki ko na 'yan manhajar waya masu kiran dangi suna tozarta mutum. A Amurka, inda suka daɗe da wannan tsari, mutum sama da miliyan 40 ke ɗauke da bashin karatu na gwamnati, jimillarsa ta haura dala tiriliyan 1.6, kuma nasu da ruwa yake tafiya, har mutum ya yi furfura yana biya. Namu ba haka yake ba. Amma sauƙinsa bai mai da shi kyauta ba. Ba tallafi ba ne, ba rabon kayan azumi ba ne, ba kuma ladan wahalar zaɓe ba ne. Da sunan yarinyarki aka rubuta shi, da NIN ɗinta da BVN ɗinta. Ko jam'iyyarki ce a kan mulki ko ba ita ba, ko gwamnati ta canza sau uku, takardar tana nan. Bashi bai san jam'iyya ba.

Mu da muka zauna a gaban malamai mun san nauyin bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, kan a rubuta shi a kafa shaidu. Kuma an karantar da mu cewa an taɓa kawo gawa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya tambaya ko akwai bashi a kanta, da aka ce akwai bai sallace ta ba sai da wani sahabi ya ɗauki nauyin biya. Addini bai hana cin bashi ba in da buƙata, musamman wanda babu riba a cikinsa. Abin da ya hana shi ne a ci da niyyar ba za a biya ba. Uwar da ta ce wa ɗanta "ci kawai, kuɗin gwamnati ne", ta koya masa cin haƙƙi tun kafin ya fara cin guminsa. Kuma haƙƙin ba na mutum ɗaya ba ne, na ƙannensa ne masu tasowa, domin abin da aka dawo da shi da shi za a ba wa na baya.

To, mu zo kan lissafin da muka yi da 'yata. Kuɗin rajista ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, kowa ta duba na ɗanta. Tun 2023 jami'o'i da yawa suka ƙara kuɗi, har da na tarayya. Don sauƙin lissafi mu ɗauka Naira 100,000 ne a shekara. Kimiyyar siyasa shekara huɗu ce. Kun ga Naira 400,000 ke nan. Kuɗin kashewa kuma, mu ɗauka an ba ta na wata 12 a shekara, Naira 240,000 ke nan, a shekara huɗu Naira 960,000. In aka haɗa biyun, Naira 1,360,000. Ku duba da kyau, 'yan uwa. Kuɗin makarantar da ya tayar mana da hankali shi ne ƙaramin kashi. Wannan dubu ashirin ɗin da ke shigowa waya duk wata kamar kyauta, a sayi data, a sayi man shafawa, a hau a-daidaita-sahu, ita ce ta fi ninki biyu na kuɗin makarantar.

Yanzu biya. Mu ce Allah Ya taimake ta ta samu aikin Naira 100,000 a wata. Kashi 10 shi ne Naira 10,000. In duka biyun ta ci, sai ta yi wata 136 tana biya, shekara 11 da wata huɗu ke nan. In kuɗin makaranta kaɗai ta ci, wata 40, shekara uku da wata huɗu ta gama. Mu ce kuma aikin da ta samu koyarwa ce a makarantar kuɗi ta unguwa, ana ba ta Naira 50,000. Kashi 10 shi ne Naira 5,000. In duka biyun ne, wata 272, shekara 22 da wata takwas. In na makaranta ne kaɗai, shekara shida da wata takwas.

Na ce wa 'yata, ki ɗora wannan a kan shekarunki. Kin shiga kina da 18. In babu yajin aiki kin gama da 22. Amma mun ga yajin aikin malaman jami'a na 2020 da ya ci wata tara, mun ga na 2022 da ya ci wata takwas, don haka mu ce 23. Bautar ƙasa 24. Ɗagawar shekara biyu 26. In kina kan albashin dubu ɗari, sai kin kai 37 za ki sauke. In kina kan dubu hamsin, sai kin kusa 49, kin wuce shekaruna na yau, wataƙila kina aurar da 'ya kina biyan kuɗin datar da kika saya a aji ɗaya. Ta yi shiru, ta ajiye biron.

Amma ba zan ɓoye muku ɗaya ɓangaren ba, don kada a ce na tsorata ku. Albashi ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ƙaruwa, kuma mutum yana iya biya da wuri in ya samu hali. Sannan tun da babu ruwa a kai, faɗuwar darajar Naira tana rage nauyinsa. Kowa ta tuna kuɗin mudun shinkafa kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ta tuna na bayansa. A 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100. Dubu ɗari huɗun yau ba za ta yi nauyin dubu ɗari huɗu ba nan da shekara takwas. Saboda haka wanda ba shi da wata hanya, bashin kuɗin makaranta ya fi zaman gida nesa ba kusa ba. Ni ban ga laifinsa ba. Inda nake jan kunne shi ne kuɗin kashewa, da kuma tambayar da ta fi kowace girma: me wannan takardar za ta samo?

Nan ne maganar take. Yarinyar da ta karanta aikin jinya ko ungozoma, ranar da ta fito akwai ƙofar da aka rubuta sunanta a kai, asibiti. Wadda ta karanta haɗa magunguna haka. Lauya haka. Wadda ta yi NCE, aji yana jiranta, ko da albashin ba yawa. Kimiyyar siyasa ba ta da ƙofarta ita kaɗai. Duk ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, za ta tarar da masu tarihi, masu nazarin halayyar jama'a, masu aikin jarida, masu harkar mulki, duk a layi ɗaya da takarda mai daraja ɗaya.

Ga ƙofofin da na sani. Aikin gwamnati, na jiha ko na tarayya, inda mai digiri ke farawa a mataki na 8. Hukumar zaɓe. Ma'aikatar harkokin waje. Aikin taimaka wa 'yan majalisa, wanda yake ƙarewa ranar da mai gidan ya faɗi zaɓe. Aikin jarida a rediyo, talabijin ko jarida. Ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda su ne suka fi biya amma aikinsu na kwantiragi ne, kuma mun ga yadda da yawa suka sallami ma'aikata a 2025 da Amurka ta janye tallafinta. Aikin ɗamara kamar shige da fice, kwastan da sibil difens, in an buɗe ɗauka. Sai koyar da darasin gwamnati a sakandare, shi ma in ana son a yi shi da daraja sai an ƙara difilomar koyarwa ta shekara ɗaya an yi rajista da hukumar malamai ta TRCN.

Ku da ni mun san yadda layin aikin gwamnati yake, domin mu ake kawo wa takardu. Akwai wata jaka a ɗakina, ba komai a ciki sai kwafin takardun 'ya'yan mutane, wasu sun shekara biyar a wurina. Na kai ofis-ofis, na zauna a benci tun safe har la'asar, an ce mini "Hajiya, za mu duba". Cikin waɗanda na kai, waɗanda suka samu ba su cika yatsun hannuna ba. In ni da ake kira Shugaba haka nake fama, kada wata ta ci bashi da sunan 'yarta tana cewa ai muna da manya. Manyan nan kowanne da tasa jakar.

Kuma ku san wannan. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa Naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shi ya sa za ki ga mai digiri a makarantar unguwa ko a shago ana ba ta abin da bai kai haka ba, kuma babu inda za ta kai ƙara. Alawus ɗin bautar ƙasa Naira 77,000 ne tun 2025. Yara da yawa wannan shekarar ita ce mafi yawan kuɗin da za su gani a wata har zuwa wani lokaci. Yaron da ke da bashi a kansa, daga wannan alawus ɗin ya kamata ya fara ajiya ko ya ja jari, ba sayen babbar waya ba.

Sai maganar da 'yata ta yi, wai za ta yi gado. Da yawa cikin yaranmu suna ɗauka wanda ya karanta kimiyyar siyasa shi ne zai zama ɗan siyasa. Ku da kuke cikinta ku gaya musu gaskiya. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 65, na 106, na 131 da na 177, ilimin da ya nema ga ɗan majalisar tarayya, ɗan majalisar jiha, shugaban ƙasa da gwamna shi ne matakin sakandare ko makamancinsa, sai kuma jam'iyya ta tsayar da kai. Ni da nake muku magana, a takarda na cika sharaɗin. Gyaran da aka yi a 2018 ya sauko da shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Babu inda aka ce sai da digiri, balle a ce sai na siyasa.

Hajiya Gambo Sawaba, Allah Ya jiƙanta, karatunta na boko bai wuce firamare ba. Tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU a Zariya, ta shugabanci matan jam'iyyar, aka ɗaure ta sau 16, tana neman a bar matan Arewa su jefa ƙuri'a. Ba a ba mu wannan dama ba sai 1976. Yau majalisar dattawa mai kujeru 109, mata huɗu ne a wadda aka kafa a 2023. Majalisar wakilai mai kujeru 360, matan ba su kai 20 ba. Shin rashin masu digirin siyasa ne ya jawo haka? Mun san ba shi ba ne. Kuɗin fom ne, kuɗin deliget ne, taron da ake sawa ƙarfe ɗayan dare ne, da bakin mutane a kan duk macen da ta fito. Yarinyar da ke son takara, abin da za ta fara nema shi ne abin hannunta da jama'arta. Wadda ba ta da sana'a, ga bashi a wuya, ba takara za ta yi ba, rakiya za ta yi, a ba ta atamfa da dubu biyu ta koma gida.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Ban ce karatun banza ba ne. Farfesa Attahiru Jega kimiyyar siyasa ya karanta a Kano, ya je Amurka ya yi digiri na biyu da na uku, ya shugabanci ƙungiyar malaman jami'a, ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Farfesa Ibrahim Gambari shi ma fanninsa ke nan, ya yi ministan harkokin waje, ya yi aiki a Majalisar Ɗinkin Duniya. Amma ku lura, ba a digirin farko suka tsaya ba. Hanya ce mai tsawo, ta mai son karatu da gaske. Kuma mu kanmu muna buƙatar irin waɗannan 'ya'ya. Sau nawa aka kawo mana takarda a taro muka sa hannu ba mu san abin da ke ciki ba? Sau nawa wakiliyarmu a akwati ta tsaya ana cika takardar sakamako ba ta san haƙƙinta ba? Muna son 'ya'yan da za su karanta kasafin kuɗi su ce mana ga inda aka yanke kuɗin asibitin haihuwa, su rubuta ƙudiri, su tsaya gaban kowa su yi bayani. Sai dai mai yin wannan aikin ma sai ta ci abinci.

Akwai abin da ya shafi 'ya mace ita kaɗai. Da yawa cikin 'ya'yanmu a aji biyu ko aji uku ake ɗaura musu aure. Bashin yana bin ta har ɗakinta. Ba ya komawa kan miji don an ɗaura aure, ba ya komawa kan uba, a wuyanta yake. In mijin ya ce ba za ta yi aiki ba fa? In an kai ta garin da babu aikin fa? Don Allah, ranar da ake maganar sadaki da lefe, a faɗi wannan ma. A ce yarinya tana da bashin karatu kaza, kuma za ta gama karatunta, za ta yi aiki ko sana'a ta biya. In ya ce ya ɗauke mata, alhamdulillah, a sa shaidu. Kada a rufe, daga baya ya zama abin gori. Mafi muni shi ne a ci bashin shekara biyu, a cire ta daga makarantar, ba takarda, ga bashi.

To me nake ba mu shawara?

Na farko, a tambayi yaron tsakani da Allah, kana son kwas ɗin nan ko ba ka aka yi? In ba shi aka yi kuma ransa na wani wuri, a duba ko zai iya canzawa bayan shekarar farko, ko ya sake JAMB, ko ya duba kwalejin jinya, ta kiwon lafiya ko ta ilimi. Asarar shekara ɗaya ta fi asarar huɗu sauƙi.

Na biyu, kafin bashi a nemi abin da ba bashi ba. Jihohinmu suna da hukumar ba da tallafin karatu. Akwai 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi da ke biya wa ɗalibai rajista. Akwai zakka, akwai dangi. Mu da muka yi musu yawon gida-gida muna da bakin tambaya, kuma gara mu roƙa wa yara kuɗin makaranta da mu roƙi shinkafa.

Na uku, in dole sai an ci, a ci na makaranta. Kuɗin kashewa a bar wa wanda in babu shi ba zai iya zama a makarantar ba, kamar maraya ko wanda ya zo daga nesa ba shi da mai aiko masa. Yarinyar da ke kwana a gida tana cin tuwon gida, a yi mata dabarar kuɗin mota ta wata hanya.

Na huɗu, digiri a hannun dama, sana'a a hannun hagu, tun daga aji ɗaya. Ɗinki, girki, lalle, kiwon kaji, saye da sayarwa ta waya. Wadda ke da kai kuma ta koyi kwamfuta sosai, ta iya tattara bayanai da lissafinsu, ta iya rubutu mai kyau da Hausa da Turanci, in da hali ta ƙara Larabci ko Faransanci. Masu ɗaukar aiki a ƙungiyoyi da gidajen jarida abin da suke tambaya ke nan, me kika iya, ba me kika karanta kaɗai ba.

Na biyar, a yi karatun da gaske. Wanda ya ci bashi ya fito da sakamako mai rauni ya yi asara biyu. A wannan fannin sakamako mai kyau shi ke buɗe hanyar digiri na biyu, tallafin karatu da koyarwa a jami'a.

Na shida, a rubuta komai. A samu littafi a gida, duk abin da ya shigo a sa kwanan wata. A ajiye rasit. A 2025 an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ɗalibai daga hukumar ba su sanar da su ba, alhali iyaye sun riga sun biya. In kin biya da kanki sannan kuɗin hukumar ya shigo, haƙƙinki ne makaranta ta dawo miki da naki, ki bi sawu. Kuma neman bashin nan kyauta ne. Duk wanda ya ce ki kawo wani abu zai sa sunan ɗanki, ko da ya zo da hular jam'iyya, ɓarawo ne. Kada a ba kowa lambar sirrin da banki ke turowa.

Wataƙila kuna son jin yadda muka ƙare da 'yata. Na ba ta mako guda ta yi tunani, ta yi istihara. Ta dawo ta ce tana son kwas ɗin, ba don takara ba, tana son ta koyar a jami'a. Mahaifinta ya amince. Muka tsaya a kan za ta nemi kuɗin makaranta kaɗai. Kuɗin mota ni zan ɗauka daga adashina, ita kuma ranar Asabar da Lahadi tana kan keken ɗinkin yayarta. Ta rubuta da hannunta a littafi cewa daga alawus ɗin bautar ƙasa za ta fara tara na biya, ni da babanta muka sa hannu a ƙasa. Ban ce kowa sai ta yi yadda na yi ba, gida-gida ne, kowa ta san nauyin tukunyarta. Wata in ta yi lissafin za ta ga dole sai da kuɗin kashewar, ba laifi, in dai ta ci da ido buɗe. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kowa ya san iya abin da cikinsa zai ɗauka.

Abin da nake roƙo a wurin shugabannin mazaɓu, kafin zamanmu na gaba kowacce ta rubuto mana yawan 'ya'yan mambobinta da suka samu gurbi bana amma kuɗin rajista ya gagara, a ware marayu daban. Ba a wannan zauren za a turo sunaye ba, don rufin asirin mutane, a kawo wa sakatariya hannu da hannu. Da wannan takardar za mu je wurin zaɓaɓɓunmu gaba ɗaya, mu nemi a fara da su. Sannan ina neman 'ya'yanmu biyu ko uku da suka gama jami'a su ba da ranar Asabar ɗaya, su zauna da iyaye su yi musu wannan lissafin da kuɗin makarantar kowane yaro, kyauta.

Wadda ta karanta ta karanta wa wadda ba ta iya ba, a kuma tura wa sauran zaurukanmu. In na yi kuskure a wani wuri, wadda ta fi ni sani ta gyara mini, ba zan ji haushi ba. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani da abin yi na halal. Allah Ya biya wa duk mai bashi bashinsa, Ya sa kada mu kwanta a kabari da haƙƙin kowa. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

 

Taku,
Shugabar Mata